Gawar da Ta Kwana a Hanyar Kumasi

A Yeji na fara yarda cewa mun bar gida da gaske. Duk inda muka ratso kafin nan, daga Dosso zuwa Bawku zuwa Tamale, ƙasa ce irin tamu, dawa a gona, kuka a bakin hanya, in ka ɗaga kai ka ga sama. Amma da muka tsaya a bakin babban kogin da ke wurin, na ga jirgin fito ya ɗauki babbar mota sukutum da kayanta ya tsallaka da ita, sai na ja da baya na ƙi matsawa. Yayana Hamisu, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya jawo ni wannan tafiya. Ya dube ni ya ce, "Sani, in kuka za ka yi, yi shi yanzu, can gaba babu mai lallashinka." Haka yake, ba ya barin magana ta faɗi ƙasa. Lokacin ba a sa wa ƙasar suna Gana ba tukuna, Gwalkwas muke ce mata, kuma duk wanda ya dawo daga can da agogo a hannu sai ya hana samarin garinmu barci.

A bakin kogin nan aka fara yi mana wayo. Wani mutum mai farar riga, Hausa a bakinsa tas kamar yau ya baro Kano, ya tambaye mu garinmu. Da muka faɗa sai ya ce ai mahaifiyarsa 'yar can kusa ce. Ya karɓi ƙunshin jemammun fatun da muka ɗauko don mu sayar mu yi jari, ya ce zai sa mana a saman mota, mu je mu yi azahar. Muka idar da salla, babu shi babu fatu. Da ƙafa muka kama hanyar Atebubu, sai da wani direba ya ji tausayinmu ya ɗora mu a kan lodin doya. Har yau in mutum ya cika yi mini fara'a a tasha, matsawa nake yi kusa da kayana.

Bayan Mampong muka shiga kurmi, nan ne kewar gida ta kama ni sosai. Itatuwa sun rufe sama, rana tana can amma ba ka ganinta, zufa kawai kake yi. In ka wanke riga sai ta yini ba ta bushe ba. Ɗan ciwon da ka ji a ƙafa, wanda a gida iska kaɗai za ta warkar da shi, a can sai ya yi ruwa. Abinci kuwa in ya kwana, kafin hantsi ya yi tsami. Ban so ƙasar ba a farko, kuma ban ɓoye wa Yaya ba.

A Kumasi aka sauke mu a tashar Reskos, inda hayaniya ta kusa kurmantar da ni. Da tambaya muka kai Moshi Zango, unguwar baƙi Musulmi, gidan Baba Tanko, wani dattijo mai fataucin goro da ke saukar da baƙi 'yan arewa. Ya ba mu tabarma a soro, ya kuma gaya mana gaskiya, cewa wanda ya zo hannu biyu dako zai fara. Muka yi gammo muka shiga kasuwa. Buhun rogo, damin agade, akwatin 'yan kasuwa mata masu faɗa kamar su cinye ka, duk sun hau kanmu. Yunwa muka sha a watannin farko, irin wadda mutum ba ya son tunawa.

Wadda ta raba mu da yunwar nan ita ce Mma Ayisha. Tana sayar da shinkafa da wake a bakin layinmu, ƙarƙashin wata rumfar kwano. Batoniya ce, wato 'yar Asante. Ta musulunta tun tana budurwa ta auri wani Bahaushe mai goro, danginta suka juya mata baya, shi kuma ya rasu bai bar mata ɗa ba. Ta zauna a zango abinta, tana salla, tana azumi, amma in za a kwatanta ta sai a ce "Batoniyar nan mai wake". Wata rana ta ga muna raba kwano ɗaya mu biyu, ni ina kallon cokalin Yaya, shi yana kallon nawa. Ta ce, "Kai, babba. Kai, ƙarami. Zo nan." Ta kankaro ƙanzon tukunya ta zuba mana, ta ɗora miya a kai. Daga baya ƙanzon ya koma shinkafa sosai, amma ba ta fasa ce masa ƙanzo ba don kada mu ji kunya. Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne, har akuya. Yaya yakan kwaikwaye ta a gabanta, ta bi shi da ludayi. Tun da na bar gaban mahaifiyarmu ban ƙoshi a hannun kowa ba sai a hannunta.

Da lokacin tsinkar koko ya yi, Yaya ya ce wuyansa ya gaji da gammo, zai tafi ƙwadago a wata gona can bayan Asokore Mampong. Ni na ƙi, don na fara samun masu kirana a kasuwa. Ranar da zai tafi Mma ta yi masa guzuri, garin rogo da soyayyen kifi da yajin nan nasu mai mai a cikin gwangwani. Kowa a layin ya ga lokacin da ta ba shi, don har tsokanarta ya yi cewa ta rage kifin.

Makonni suka wuce, sai wani ɗan ƙwadago ya zo ya ce in hanzarta, ɗan'uwana ba lafiya. Na tarar da shi a wata bukka a gefen gona. Zazzaɓi ya daɗe yana cinsa, ya rame har na ga ƙashin fuskar mahaifinmu a tasa. Cikinsa kuwa ya kumbura ya yi tauri, ko ɗan taɓawa ba ya so. Da hankalinsa, har yana tambayata ko na koyi ƙirga kaya da yaren Tonawa. Da hantsi, ina yi masa fifita, ya ce, "Sani, duba mini ɗakin nan, kamar ɓera ya mutu a wani wuri. Warin ya dame ni." Na ɗaga tabarma, na duba bayan tulu, na leƙa jinka. Babu komai. Da na dawo na sunkuya in gyara masa kai, sai na gane daga bakinsa warin yake fitowa. Na ce masa na samu ɓeran na jefar. Ya ce madalla. Kafin azahar ya cika, kansa a cinyata.

A garinmu in mutum ya rasu da hantsi, kafin la'asar an dawo daga maƙabarta. Ban taɓa ganin gawar da ta kwana ba, ban kuma san wanda ya taɓa gani ba. A ƙauyen da gonar take babu maƙabartar Musulmi. Mai gonar mutumin kirki ne, ya yi mini ta'aziyya da hannu biyu, amma ya ce ba shi da ikon ba da ƙasa a binne baƙo sai da izinin sarkinsu, sarkin kuma ya yi tafiya. Ni ma ban so a rufe shi ba salla ba. Na ce zan kai shi zango. Ruwan sama ya cinye wata gada a hanya, mota ta kasa shigowa. Gawar ta kwana, ta sake kwana, a cikin wannan zafi mai laima. Ina zaune a bakin bukka ina korar ƙudaje, sai da aka gyara gadar aka ɗora mu a kan buhunan koko, shi a naɗe cikin tabarmi, ni ina riƙe da shi kada ya gangara.

A bayan gidan Baba Tanko aka yi wankan. Mai wankan Malam Idi ne, tsoho mai tsoron Allah wanda ya daɗe yana yi wa mamatan unguwar sutura. Ni ina zuba ruwa, mutum biyu suna juyawa. Da aka kware tabarmi, hannun Malam ya tsaya. A gefen dama na cikin Yaya, ƙasa da cibiya, akwai wani tabo kore, faɗinsa ya fi tafin hannu, ya fara bazuwa. Jijiyoyin ƙirjinsa da na cinyarsa sun fito baƙi-baƙi sun yi rassa a ƙarƙashin fata. Wani baƙin ruwa yana tsiyaya daga hancinsa. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba, kuma ɗan'uwana nake tsoro, abin da ya fi yi mini ciwo ke nan.

Malam Idi ya yi salati a hankali. Ya ce, "Tun ina saurayi nake wannan aiki, ban taɓa ganin haka ba. Wannan ba ciwon Allah da Annabi ba ne. An ba shi wani abu ya ci."

Ba ƙarya ya yi ba da ya ce bai taɓa gani ba. Duk gawar da ta taɓa zuwa hannunsa da ɗuminta take zuwa. Amma wannan tunanin bai zo wa kowa ba a lokacin, har da ni. Muka ƙarasa wanka da kafur mai yawa, aka sa shi a likkafani, aka yi masa salla, aka kai shi.

Dokar wankan gawa ita ce abin da ka gani ka binne shi tare da mamacin. Ban san bakin wa ya suɓuce ba, amma kafin sadakar uku babu gidan da maganar ba ta shiga ba. Aka fara tambaya, wa ke ciyar da shi? Wa ya yi masa guzuri? Na ce ai guzurin nan ya ƙare tun da daɗewa kafin ya kwanta, sai aka ce akwai sammun da ke bin jiki a hankali. Na ce me Mma za ta samu in ta kashe ɗan dako? Aka ce ni yaro ne, ban san Tonawa ba. Ranar sadakar Mma ta aiko da babbar tukunya cike da shinkafa. Aka ajiye ta a tsakar gida, mutane suna ta zagaye ta, har ta huce babu wanda ya buɗe.

Da yamma ta zo da kanta. Ta tsaya a ƙofar soro ba ta shigo ba, ta yi mini gaisuwar mutuwa da Hausa, ta ƙara da yarensu. Sannan ta ce, "Ƙarami, na ji abin da an ce. A gidanmu mu muna ajiye gawa kwana da yawa kafin a binne. Ni na gani tun ina yaro. Kowa haka yake yi, sarki da bawa. Daga ciki yake farawa, nan gefe, kore. Abin da ke hanji ne yake fita. Ni ban sa komai ba."

Wani da ke zaune kusa ya ce, "Kun ji ko? Har wurin ta sani, alhali ba ta shiga wanka ba."

Ta dube shi sau ɗaya. Ta juyo gare ni ta rage murya. "Za su kai magana gaban manya. Kai za a tambaya, kai ne ɗan'uwa. In an kore ni, ina zan je? Ƙauyenmu ba Musulmi ko ɗaya. Ni ba kasuwa nake ji ba, ƙarami. Ina so in na mutu a wanke ni, a yi mini salla, a sa ni kusa da maigidana ran nan ran nan. Shi ke nan abin da nake so."

Na so in ce mata na yarda da ita, bakina ya ƙi. Ba don maganar mutane ba, don ɓeran nan ne. In abin bayan mutuwa yake farawa kamar yadda ta ce, me ya sa na ji warinsa Yaya yana da rai, yana yi mini magana? Wannan tambaya ta hana ni sakat. In na ɗauki kaya ita nake tunani, in na sauke ita.

Na fara zuwa mayanka, wurin wani mahauci Bakatsine da nakan ɗaukar wa nama. Na tambaye shi a kaikaice, in saniya ta faɗi aka yanka ba a fasa cikinta da wuri ba, me ke faruwa? Ya ce, "Asara ke faruwa. A garin nan kuwa ko rabin yini ba ta kaiwa. Naman gefen tumbi ke fara yin kore, sai hanta, sai ya bi jiki. Shi ya sa kake ganin muna gaggawar zubar da kayan ciki." Na ce to ko yana farawa tun tana da rai? Ya goge wuƙarsa ya ce shi matattu yake fiɗa, wannan sai dai in tambayi saniyar.

Akwai wani likita, Batone, da nakan kai wa matarsa kaya daga kasuwa. Ya yi aiki a Tamale, yana jin Hausa daidai gwargwado. Ran nan na sauke kwando na ƙi tafiya, har ya leƙo daga baranda ya tambayi abin da nake jira. Na gaya masa komai, har da ɓeran. Ya sa aka ba ni kujera, abin da ban taɓa samu ba a gidan mai kuɗi a Kumasi.

Ya ce a cikin hanjin kowane mutum, mai lafiya ma, akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani sai da madubin asibiti, yawansu ba ya ƙirguwa. Muddin mutum yana da rai, bangon hanji da ƙarfin jini suna tsare su a wurinsu. In rai ya fita, mai tsaro ya tafi, sai su keta bango su bi hanyoyin jini zuwa hanta da sauran jiki. Ya nuna gefen damansa ya ce a nan babban hanji ya fi kusa da fata, shi ya sa koren ke fara bayyana a wurin, zafi da laima kuma suna ƙara masa sauri. Ya ce abin da na gani a wurin wanka, duk gawar da ta kwana biyu a kurmi haka za ta yi.

Na ce, "Likita, warin fa? Da ransa na ji shi."

Ya ce akwai zazzaɓin da ke huda hanji, abin da ke ciki ya zubo mutum yana raye, kuma yadda na kwatanta cikin Yaya ya yi kama da haka. Ban da wannan ma, likitoci ba su gama shawara ba a kan ko halittun nan suna fara ƙetarewa tun mutum yana gargara, ko sai bayan ya cika. Wasu sun ce haka, wasu sun ce a'a. "Ban ga ɗan'uwanka ba," in ji shi, "ba zan rantse maka a kan lokacin da ya fara ba. Amma ko kafin ne ko bayan ne, ba sai wani ya zuba masa komai ba. Nasa ne, da shi yake yawo tun yana yaro."

Na fito daga gidan nan da sauƙi a gefe ɗaya, da nauyi a ɗaya gefen. Mma ta fita, wannan na tabbata. Amma yanzu na san cewa lokacin da muke tsallaka kogi, lokacin da yake tsokanata, abin da zai cinye shi yana kwance a cikinsa yana jira, kuma nawa yana cikina. Na daɗe ba na iya ɗora hannu a gefen damana.

Dattawan unguwa suka zauna a zauren Baba Tanko bayan la'asar. Mma tana durƙushe a waje, bakin ƙofa. Aka tambaye ni ko ina zargin wani da mutuwar ɗan'uwana. Na ce ba na zargin kowa. Na faɗi abin da mahauci ya ce, na faɗi abin da likita ya ce, iyakar yadda na iya. Wasu suka fara gyaɗa kai. Sai Malam Idi ya gyara zama ya ce, "Sani, tsakaninka da Allah. Likitan ya tabbatar maka cewa sai bayan da ya rasu abin ya fara?"

An haɗa ni da Allah, kuma gawar ɗan'uwana ake magana. Na ce, "A'a, Malam. Ya ce mai yiwuwa ya fara tun yana da rai. Amma ya ce ko da haka ne..."

Ban ƙarasa ba zauren ya ɗauki guna-guni. Na ɗaga murya na maimaita sauran maganar, amma rabin farko kaɗai aka ji. Wani ya ce ga shi ko likitan, ɗan'uwanta Batone, ya kasa wanke ta. Baba Tanko ya tsawatar, ya ce tunda mai haƙƙi bai yi ƙara ba, babu shari'a, kowa ya kama bakinsa. Aka yi fatiha aka watse.

Babu wanda ya kore ta. Ba a dai sake sayen abincinta ba. Ni kaɗai nake zama a bencin nan ina ci, mutane suna wucewa suna kallona kamar wanda ya zauna a bakin rijiya. Cikin ɗan dako ɗaya ba ya riƙe tukunya. Ta rage sanwa, ta sake ragewa. Matan gidan da take haya suka daina barin 'ya'yansu su shiga ɗakinta, in ta shiga sahu a sallar idi sai a bar mata fili dama da hagu. Kafin damina ta zagayo ta ɗaure kayanta za ta koma ƙauyensu. Ni na ɗaukar mata su zuwa Reskos. A bakin mota ta ce, "Kai ka faɗi gaskiya, ƙarami, ban yi fushi ba. In ka ji na mutu, ka zo da farin zane." Na ce Allah ya ba ta tsawon rai. Ta ce amin, amma in zo da zanen.

Ba a yi shekara biyu ba saƙon rasuwarta ya zo, ta bakin wani yaron mota, kuma ya zo a makare, don sai da ya yi ta tambayar wani ɗan dako da ake ce wa ƙarami. Na sayi likkafani, na bi gida-gida ina neman mace ɗaya da za ta bi ni ta yi mata wanka. Wannan ta ce mijinta ba ya nan, waccan ta ce ƙafa ke damunta. Na tafi ni kaɗai.

Tun daga bakin ƙauyen na ji ganguna. Danginta sun karɓe ta a mace yadda ba su karɓe ta da rai ba. Sun kwantar da ita a gado a tsakar gida bisa al'adarsu, an yi mata ado da zannuwa masu tsada, mutane cikin ja da baƙi suna shiga suna fita. Ta kwana uku a haka. Na tsaya a waje da ƙunshina, warin da na sani ya fito ya same ni a inda nake.

Wata tsohuwa mai kama da ita ta fito, aka ce ƙanwarta ce. Ta yi magana da yarensu, wani ɗan makaranta yana mayar mini da Hausa. Ta ce ta san ni, Mma ta ba ta labarina, ta kuma ba ta labarin abin da aka ce ta yi. Ta kama hannun rigata. "Zo in buɗe maka cikinta ka gani. Kore ne, nan gefen dama, irin na ɗan'uwanka. Ka duba da kyau, ka je ka tambayi mutanenka, ita kuma wa ya ba ta guba?"

Na ja na tsaya. Ni namiji ne, ba muharraminta ba, ita kuwa mace ce Musulma da ta yi shekaru tana rufe jikinta. Abin da ya rage mata na Musulunci a wannan gida shi ne kada wani namiji ya ga tsiraicinta, ba zan zama ni na ɗauke mata shi ba. Na ce a gaya wa tsohuwar na yarda, ba sai na gani ba. Ta ce ba ni take so in yarda ba. Na roƙe ta ta karɓi likkafanin, ko a ƙarƙashin zannuwan ne a sa mata. Ta karɓa, ban san ko an sa ba. Na koma bayan gida, gindin wata bishiyar koko, na fuskanci gabas na yi mata kabbara huɗu ni kaɗai, ganguna suna tashi a bayana. Kuka na yi sosai, wanda ban samu na yi wa Yaya ba.

Da na dawo zango ban ko sauke numfashi ba na wuce masallaci. Na tarar da Malam Idi a bakin randa zai yi alwalar azahar. Na durƙusa na gaishe shi, na gaya masa Mma Ayisha ta rasu. Ya yi salati, ya ce Allah ya jiƙan Musulmi. Na ce gawarta ta kwana uku, kuma tabon nan ya fito mata, kore, a gefen dama, daidai inda muka ga na Yaya.

Ya tsaya da buta a hannu, ya daɗe yana kallona. Na ga alama yana so ya yarda, don tsohon ba mugu ba ne.

Ya ce, "Ka gani da idonka?"

Na ce, "Ban duba ba, Malam. Mace ce."

Ya ce, "Ka yi daidai." Ya sunkuya ya ci gaba da alwalarsa.